Luguden kakata a hannun ɗan Meziko

Sa'ad da nake karatu a birnin Liyon, a unguwar Vaulx-en-Velin da ke gefen birnin nake kwana, kuma bango ɗaya ya raba ni da wani ɗan Meziko. Ran da na fara leƙa ɗakinsa na hangi muƙamuƙin jaki rataye a ƙusa, da haƙoransa duka. Na yi a'uziyya a zuci, na ce na faɗo maƙwabtaka da boka. Ashe kayan kiɗa ne. In ya doke shi da hannu haƙoran su yi karkarwa, sai ya ɗora ƙaramar gitar ƙauyensu a kai, ya zuba duka cikin kwamfuta, ya haɗa da gangar inji irin ta samarin unguwarmu. Na tambaye shi ko kiɗan tsofaffi yake ko na yara. Ya ce duka biyun. Ban gane ba.

Ni kuwa ina da kaset ɗaya da na zo da shi daga Maradi. Kakata ce a ciki tana lugude da maƙwabciyarta, tana waƙa. Ta rasu ina nan, ban ga jana'izarta ba, kuma muryarta ba ta ko'ina a duniya sai cikin wannan kaset.

Wata Lahadi maƙwabcin nawa ya ji shi ta bango, ya shigo ko sallama babu. Ya ce faɗuwar taɓaren nan daidai take da yadda matan garinsu ke taka katako da dunduniya in suna rawa. Ya yi ta yabo. Mu kuwa in baƙo ya yaba abinka, kara ce ka ce masa ya ɗauka, shi kuma ya ce a'a, ya gode, a wuce wurin. Na ce, "Ɗauka mana." Bawan Allahn nan ya sa kaset a aljihu ya fita, ya bar ni baki buɗe. Kunya ta hana ni bin sa, haushin kaina kuma ya hana ni cin abinci.

Da bazara ya gayyace ni Paris, za su yi wasa da rana a farfajiyar wani gida. Ana cikin kiɗa sai ga kakata. Ya yanka muryarta gunduwa-gunduwa, baiti ɗaya yana ta komowa, taɓarya ta zama ganga, muƙamuƙin jaki yana amsa mata. Matar da ko gaban 'ya'yanta ba ta ɗaga murya, ga ta a lasifika, Turawa na tsalle. Na so in hau in fizge wayoyin. Hawaye kuma suka zubo mini, domin ban taɓa jin ta da rai haka ba tun da na baro gida. Da na duba ƙasa, ƙafata ma tana takawa.

Bayan an tashi ya miƙo mini kaset ɗina da hannu biyu, ya ce, "Ya ka ji?"

Na ce, "Wallahi ban sani ba."

Kaset ɗin yana nan lafiya, bai ɓata ko kusurwa ba. Sai dai duk ran da na kunna shi ni kaɗai, in ta kai ƙarshen baiti ta ja numfashi, kunnena jiran muƙamuƙin jakin yake yi. Na yi ta ƙoƙari in ji ta yadda nake jin ta da, a tsakar gidanmu, amma na kasa.