Fayil ɗin da na jingine

Shekaruna saba'in da uku, kuma ba na neman tausayin kowa. Duk wanda ya yi niyyar rubuta mini "Allah sarki, Hajiya" a ƙarƙashin wannan rubutu, ya riƙe abinsa, ya mayar da shi addu'a ga wanda ya fi ni bukata.

Yau da safe, ina shan kunu, waya ta yi ƙara. Malam Umaru na rajista ya rasu a Kebbe, bayan sallar asuba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yawancinku ba ku san shi ba. Bai taɓa zama darakta ba, ba a taɓa ba shi motar ofis ba. Akawu ne a rajista, wato ɗakin ajiye fayil na ofishin da na yi aiki a nan Tambuwal, ɗakin da kowace takarda take fara shiga kafin ta isa teburin wani babba. A can ya fara, a can ya yi ritaya.

A zamaninmu, da hannu ake rubuta takardar neman aiki. Ranar intabiyu, shugaban masu tantancewa ya ɗaga tawa ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Wa ya rubuta maki wagga takarda? Maigidanki ko yayanki?"

Na ce ni na rubuta. Suka yi dariya.

Na gyara mayafina, na miƙe. Na gwammace in koma gida da in tsaya ina rantsuwa a kan rubutun hannuna. Malam Umaru yana gefe, fayil kawai ya kawo musu, ba shi da ta cewa a zaman. Sai ya ajiye farar takarda da biro a gabana, ya ce, "Ranka ya daɗe, mi za a yi da gardama? Ga ta, ga takarda."

Na zauna na sake rubuta ta daga farko har ƙarshe. Ina so ku sani da fushi na rubuta, ba da tsoro ba. Da Malam Umaru ya zo karɓa, ya yi ƙasa da murya ya ce, "'Yar makaranta, kin manta kwanan wata."

Haka na shiga aikin gwamnati.

A makona na farko na ga wani jan biro mai kyau a kan tebur, na ɗauka na rubuta bayani da shi a cikin fayil. Ban san cewa a ofis launin tawada ma yana da matsayi ba: ƙananan ma'aikata da shuɗi suke rubutu, ja na manya ne. Da fayil ɗin ya hau sama a haka, da an yi ta ba da labarin yarinyar da ta naɗa kanta shugaba a kwana biyar. Malam Umaru ne ya tare shi a rajista. Ya kawo mini sabon shafi, ya karɓi biron, ya jefa a aljihunsa.

"Zan aje maki shi," in ji shi. "In kin kai, ki zo ki amsa."

Na ɗauka ba'a ce. Bayan shekaru masu yawa, ranar da takardar ƙarin girmana ta fito, na zama shugabarsa, ya shigo ofishina ya rusuna, ya ce, "Ranki ya daɗe, ga ajiyarki." Biron ya daɗe da bushewa. Yana nan cikin akwatina har safiyar yau.

Yana da wata magana da ya riƙa maimaita wa duk sabon ma'aikaci har muka gaji da ji. Yakan ce fayil mutum ne. In ka bar shi a kan tebur, mutum ka bari tsaye cikin rana. Na ga ya hau keke ya kai wa wata gwauruwa takardarta har Jabo, don kada ta sake biyan kuɗin mota a banza.

Yanzu ga abin da ya sa nake rubutun nan.

Duk wanda ya san ni ya san ba na sa hannu a fom ɗin shaidar hali. Sau ɗaya na taɓa yi, ga ɗan wata 'yar'uwata da ban san halinsa ba. Aka ɗauke shi, ya riƙa zuwa ofis ranar da ya ga dama, daga baya ya daina zuwa gaba ɗaya, kuma sunana ne a ƙasan takardarsa. Aka ba ni takardar tuhuma, ita kaɗai ce a duk tsawon aikina. Tun ranar na rufe wannan ƙofar. 'Ya'yan ƙannena sun zo, na ƙi. An kira ni mai girman kai a gidan biki da gidan suna, ban kuwa rame ba.

Mako uku da suka wuce, ranar kasuwa, aka yi sallama a ƙofar gidana. Malam Umaru ne, da sanda, tare da jikarsa Nafisa, wadda ya raina tun rasuwar mahaifinta. Ta gama difloma, ta cika fom ta intanet tana neman aikin mataimakiyar jami'in gudanarwa, sunanta ya fito cikin waɗanda aka tantance. Saura fom guda, wanda sai babban ma'aikaci, mai ci ko mai ritaya, ya sa hannu cewa ya san halinta. Litinin ɗin nan da ke gabanmu yanzu za a rufe karɓa. Duk manyan da Malam ya sani sun riga shi tafiya. Ni kaɗai na rage.

Na ce, "Malam, ka fi kowa sanin ba na sa hannu."

Ya yi dariya har da tari. "Na sani mana. Ni na shigar da takardar tuhumar taki cikin fayil. Ba sa hannu nika roƙo ba, Hajiya. Ki ba ta takarda da biro, kamar yadda anka yi maki. In ba ta iya ba, ki kore mu."

Na ce, "To, zan duba."

Ya juya ya kalli yarinyar. "Kin ji ko? Wannan shi ake ce ma jingine fayil. Ni da na yi shekaru ina fiddo na mutane daga kabad, yau ga nawa an jefa."

Muka yi dariya duka. Na ba shi fura, ya sha rabi, ya ce ta Kebbe ta fi. Na raka su bakin titi. Ban sake ganinsa ba.

Mako uku na bar shi tsaye cikin rana. Ba zan ƙawata maganar ba.

Nafisa ce ta kira ni da safe. Ba ta ambaci fom ba, ko da kalma ɗaya. Ɗana ya ce in bari sai ranar addu'ar uku ya kai ni, wai hanya za ta wahalar da ni. Na ce masa ina bin hanyar Kebbe tun kafin a haife shi. Na ɗauki shatar mota na tafi.

Bayan an kai shi makwancinsa, na yi wa mata gaisuwa, na zauna gwargwadon abin da ya kamata. Sannan na ja Nafisa zuwa ɗakin kakanta. Na ji wata tsohuwa tana cewa, "Yau ma? Wagga mata ba ta da tausayi." Ban juya ba. Mamacin da kansa ba ya barin takarda ta kwana.

Na ajiye farar takarda da biro a gabanta. Na ce ta rubuta mini takardar neman aikin da hannunta.

Idanunta sun kumbura, amma rubutun bai karkace ba. Ba ta yi wa kowa kirari a ciki ba, ba ta ambaci maraicinta ba. Abin da ta karanta da abin da ta iya kawai ta faɗa. Kwanan wata kuwa, shi ta fara sawa.

Na tambaye ta, "In takarda ta zo hannunki ana saura minti biyar a tashi, me za ki yi da ita?"

Ta ce, "In shigar da ita, Hajiya. Mai ita yana jira."

Ban yi kuka ba. Na dai daɗe ina goge tabarau.

Ya Allah, ga bawanka Umaru ya zo maka. Bai taɓa ɓoye takardar talaka ba, bai taɓa jinkirta ta don a zo a gaishe shi ba. Ka ba shi tasa takardar a hannun dama. Ka sauƙaƙa masa tambaya, ka haskaka kabarinsa, ka yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yafe mini mako ukun nan.

Ku da kuke karantawa, ina roƙonku abu ɗaya, ni da ba na roƙo: ku karanta masa Ƙulhuwallahu, ku sa Nafisa a addu'a. Ba zan kira kowa a waya a kanta ba, kakanta ma ba zai so haka ba. Za ta shiga intabiyu da ƙafafunta, kuma na ga rubutunta, hankalina a kwance yake.

'Yan'uwana da za su kira su tuna mini cewa na hana 'ya'yansu, kada ku ɓata katin wayarku. Wanda yake so, ya turo ɗansa ya zauna a gabana da takarda da biro.

Fom ɗin Nafisa kuwa, na riga na sa hannu, da shuɗin biro, kafin la'asar. Jan biron ma yana hannunta. Na ce ta ajiye shi sai ta kai.