Aya-ayar Lambun Baba

Shekarar da Baba ya ajiye aikin gwamnati, gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi ya yi masa kaɗan. Mutumin da ya saba fita ƙarfe bakwai da jaka a hammata, sai ga shi zaune a tsakar gida yana koya wa Inna yadda ake jera kwanuka. Wata biyu tana haƙuri. A na uku ta ce, "Malam, fulotin nan naka na Tarauni fa? Ko zogale ka je ka dasa mana."

Tun muna firamare ya sayi fulotin, can wajen Unguwar Gano. Ya zagaye shi da katanga, ya haƙa rijiya, gini dai bai samu ba. Maganar Inna ta shige shi. Damina na ɗaukewa ya ja fangali huɗu, ya shuka alayyafo da latas da karas. A lokacin ina aikin jinya a asibitin koyarwa, ban yi aure ba tukuna, don haka duk ranar da ba ni da aiki ni ce mai raka shi ban ruwa.

Abin da ya fara fitowa ba alayyafo ba ne, aya-aya ce. Ciyawa ce mai siririn ganye, 'ya'yanta na can cikin ƙasa a sarƙe da juna kamar carbi. Ka nome ta yau, jibi ka tarar ta tsaya cak tana sheƙi. Karas ɗin da muka cire a shekarar bai fi ɗan yatsa ba, Inna ta dube shi ta tambaya ko na maganin gargajiya ne.

Ana haka Kawu ya zo, ƙanin Inna, mai shagon kayan masarufi a kasuwar Tarauni. Shi da Baba ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ya dire wani gwangwani a gaban Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, manomin ofis, ga maganin damuwarka. Turara ƙasa ake yi da shi, a rufe. Ko tsutsa ba ta tsira."

Na ɗauki gwangwanin na juya. Rubutun jikinsa ya goge, sai hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu. Na sha ganin manoma da aka kawo mana asibiti bayan sun shaƙi irin waɗannan magunguna, kuma na san matan layin suna ɗiban ruwa a rijiyarmu in famfo ya ɗauke.

Na ce, "Kawu, wallahi wannan ba zai shiga lambun nan ba."

"To likita ta hana," in ji Kawu. "Sai ku ci ciyawa."

Baba, da yake sunan mahaifiyarsa aka sa mini, bai taɓa musa mini a gaban mutane ba. Ya ce, "Uwata ta yi magana. Mayar da kayanka."

Bayan kamar mako biyu ya dawo daga wani ɗaurin aure fuskarsa a washe. Ya haɗu da wani tsohon abokinsa da ya yi aiki a ma'aikatar gona, ya ba shi dabara. Idan bazara ta kankama, a jiƙa ƙasa sharkaf, a shimfiɗa farar leda mai shara-shara, a bar rana ta dafa duk irin ciyawar da ke ciki har mako shida.

Kawu ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce in dai zafi ake nema baƙar leda ce, ai kowa ya san mai baƙar riga ya fi shan rana. Inna kuma ta ce duk ɓata lokaci ne, a garinsu rufe ƙasa ake yi da ɓuntun shinkafa, ciyawar da ba ta ga haske ba ta ina za ta fito? Aka yi ta ja-in-ja har tuwo ya huce. A ƙarshe Baba, wanda ya shekara talatin yana zaman kwamiti, ya yanke hukunci: fangali huɗu ne, kowa ya ɗauki ɗaya ya gwada tasa. Na huɗun ya faɗo kaina, ni da ban kawo shawarar komai ba. Na ce to ni da fartanya zan tono 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya.

Da zafi ya tsananta muka fara. Baba ya yi ta jan guga har ƙasarsa ta koma taɓo, muka kama masa ledar muka shimfiɗa, ya danne gefe da duwatsu. Kawu ya shimfiɗa baƙarsa yana waƙe-waƙe. Inna ta sa ya kawo mata tsofaffin kwalaye daga shago, ta farke su ta jera a ƙasa, ta yayyafa ruwa, ta zuba ɓuntu a kai mai kauri. Ni kuwa na duƙa. Kafin azahar na cika rabin bokiti da 'ya'yan aya-aya, ban kuma ci ko kwatan fangalin ba.

Kwana tara da yin haka wata iska ta taso da la'asar muna wurin. Kafin mu ankara ta shiga ƙarƙashin ledar Baba, ta watsar da duwatsun, ta ɗaga ta sama kamar tanti. Baba ya tattare babbar riga ya bi ta da gudu yana cewa, "Ku tare! Ku tare!" Ta haye katanga ta sauka a kan igiyar shanyar maƙwabciyarmu, wata Hajiya mai yin dambun nama. Ita ta naɗo ta ta miƙo ta saman katanga, tana tambaya ko rumfar biki muke kafawa ba a gayyace ta ba. Ranar Inna ta yi dariya har sai da ta zauna a bakin rijiya. Washegari Baba ya sake jiƙa ƙasar, ya haƙa rami kewaye da fangalin, ya binne bakin ledar, ya ce lissafin mako shida ya koma farko.

Daga nan kullum sai ya je dubiya. Wata rana da tsakar rana ya ce, "Uwata, ɗauko abin awon zazzaɓinki ki auna mata." Na ɗan huda ledar na soka shi a ƙasa. Da na zaro, ya kai ƙarshen ma'auninsa. Na ce, "Baba, da mutum ce da tuni an ba ta gado." Ya liƙe hudar da salatif yana murmushi, ya ce in maimaita a gaban Kawu.

Abin da muka gani a ƙarƙashin ledar ya ba ni mamaki. Aya-ayar ta tsiro, amma da ta ga haske sai ta buɗe ganye, ta rasa hanyar fita, ta kwanta cikin gumin ledar ta yi fari ta dahu. A fangalin Kawu kuwa, da yake duhu ne a ciki, ba ta buɗe ba. Ta taho da tsininta kamar allura ta huda baƙar ledar, ta fito reras a jere. Baba ya je har shago ya ɗauko Kawu a mota don ya gani da idonsa.

Kawu ya daɗe tsaye, hannu a ƙugu. Can ya ce, "Ledar ce ba ta da kyau. Ta yanzu duk jabu ce."

"A shagon wa aka saye ta?" in ji Baba.

"Wannan kuma wata maganar ce."

Inna ma ta ga nata. Kajin Hajiya suka gano ɓuntun, kullum sai sun tsallako sun baje shi. Gara ta shiga kwalayen ta cinye rabi. Aya-aya ta leƙo ta duk inda kwali biyu suka haɗu. Amma da ta ɗaga wani yanki ta tura hannu, ƙasar ta yi laushi da sanyi, ga danshi ko da an kwana uku ba ban ruwa. Nawa fangalin, rabin da na tona ya yi fes, ɗaya rabin ya zama daji, domin bayana ya ƙi, har sai da wata abokiyar aikina ta tambaye ni ko faɗuwa na yi.

Da ruwan farko ya sauka muka yaye ledojin. Baba ya hana a yi wa nasa noma mai zurfi, ya ce abokinsa ya gargaɗe shi kada a juyo irin da zafi bai kai gare shi ba. Muka shuka alayyafo a duka huɗun a rana ɗaya.

Na Baba ya fito babu kishiyar ciyawa sai 'yan tsiraru a gefe, inda zafin bai kama sosai ba. Bayan wata guda aya-aya ta fara dawowa jefi-jefi, amma ta yadda mutum zai cire da hannu yana hira. Sai dai Inna ta gano asarar da aka yi mata. Gasayar da ke fitowa da kanta a wurin, wadda take yi mana kwaɗo da ita, ko ɗaya ba ta fito ba.

Ta ce, "Malam, ka dafa mini gasaya tun tana cikin ƙasa."

Na Inna kuwa ciyawarsa ta fi ta Baba yawa, amma alayyafonta ya fi na kowa faɗin ganye. Saboda haka har yau ba a daidaita kan wanda ya ci gasar ba. Baba ya ce magana a kan ciyawa aka yi. Inna ta ce ita ba ta taɓa ganin an yi miya da rashin ciyawa ba. Kawu ya ce a ba shi lambar yabo ta kawo kwali. Ni babu wanda ya ko ambace ni, na kuma gode wa Allah.

Alayyafon ya yi yawa har ya fi ƙarfinmu. Muka yi ta ɗaurewa dami-dami, na kai wa abokan aikina, aka aika gidajen layinmu, aka miƙa wa Hajiya nata ta saman katanga. Shekarar da ta biyo baya, ba tare da kowa ya amsa an kayar da shi ba, aka rufe fangali uku da farar leda a bazara, bayan an yaye Inna ta bi su da ɓuntu. Na huɗun ta ce kada wanda ya taɓa mata, na gasayarta ne.

Cikin waɗanda suka ci alayyafon har da limamin masallacin layinmu, wanda ke da ɗan fili a bayan masallaci da ciyawa ta cinye. Wata Asabar bayan sallar asuba ya tare Baba ya ce yana son a nuna masa yadda ake yi. Baba ya shigo gida da sauri ko shayi bai tsaya sha ba, ya naɗe ledarsa ya saɓa a kafaɗa. Inna ta bi shi har zaure da hularsa a hannu, tana ce masa ya gaya wa Liman ya fara tara kwali tun yanzu.