Mushe Altine da Kujerar Donya Pilar

Labarin rasuwar Mushe Altine (Mushe muke ce wa malamin boko) ya iske ni yau da safe, ina bisa buzun salla. Ɗiyarsa Hajiya Rakiya ce ta kira ni. Ta ce ya yi alwala, ya zauna zai sa takalmi, bai sake tashi ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na sa ta maimaita. Yanzu muka dawo daga maƙabarta.

Duk da haka, wajibi ne in gyara wani kuskure kafin ya bazu. Wani tsohon ɗalibinsa ya rubuta a shafinsa cewa marigayi ya koyi Espanyol a ofishin jakadanci, bayan ƙasarmu ta samu 'yancin kai. Niyyarsa mai kyau ce, amma bayaninsa ba daidai ba ne. Altine bai taɓa aiki a ofishin jakadanci ba. Ya tafi Espanya yana ɗalibin jami'a, Faransawa na mulki, kumandan na zaune a Dakoro. Ni shaida ne.

Tare aka sa mu lakwal, wato makarantar boko, ni ɗan manoma, shi ɗan makiyaya daga wajen Rumbu, ɗan fari ga uwarsa. Tare muka samu tallafin karatu zuwa wata jami'a a kudancin Faransa. A jirgin ruwa, da amai ya kayar da ni, shi ya yi ta jinyata yana cewa, "Kaɗo, ko a bisa jaki haka kake?"

Ni na karanci labarin ƙasa, shi ya zaɓi Espanyol. Ƙa'idar sashensu ita ce ɗalibi ya je Espanya ya zauna cikin iyali, da safe darasi a jami'a, da rana koyon aiki. Aka sauke shi gidan wata dattijuwa da mijinta ya rasu, ana ce mata Donya Pilar. Koyon aikin kuwa a kamfanin fatu da ulu na ƙanenta ne.

Da hutun sanyi ya zo na hau jirgin ƙasa na je ganinsa. Da ƙyar na gane shi a tasha. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Na ce, "Ɗan Fulani, mi ya same ka? Ba su ba ka abinci?"

Ya ce, "Suna ba ni. Ni ne ba na ci."

Ga abin da ya faru. A Faransa tare da sa'o'inmu muke ci, babu matsala. A gidan nan kuwa tebur ɗaya ne, dattijuwar na zaune daidai gabansa, tana zuba masa, tana kallonsa, tana tambayarsa. Su kuma mutanen can, a bakin tebur suke hirarsu, ko an gama ci ba a tashi. Altine da tarbiyyar filako, kunyar nan ta Fulani, sai ya sunkuyar da kai, ya ce ya ƙoshi, ya yi shiru har a watse. Daga baya ya sayi busasshen burodi ya ci a bayan kamfani.

Matar ta fitar da naman alade da giya daga gidanta kakaf saboda shi. Da ta ga duk da haka ba ya ci, ba ya magana, sai ta ɗauka ƙyamarsu yake yi. Ta kai kuka wurin malamin da ke kula da baƙin ɗalibai. Malamin ya ce wa Altine harshensa bai ci gaba ba, kuma in aka koma daga hutu iyalin ba su yarda da shi ba, za a mai da shi gida, a yanke tallafin, koyon aikin ma ya tafi. Duk shekarun da ya yi tun ranar da aka raba shi da garken ubansa za su tashi a banza.

Na ce masa, "To ka ci mana."

Ya ce, "Kaɗo, ku komi baki. Yaya zan tauna a gaban wadda ta kai uwata?"

Na ce, "In ba ka iya ci, ka faɗa mata dalili."

Ni ba na jin Espanyol, ita ba ta jin Faransanci, saboda haka babu mai faɗi sai shi. Ya tsaya a ƙofar madafa, idonsa a ƙasa, yana haɗa kalmomi ɗaya bayan ɗaya, gumi na zubo masa cikin wannan sanyi. Daga baya ya fassara mini. Ta tambaye shi, "Uwarka ba ta ganin kana ci?" Ya ce tun da ya yi wayo ba ta gani ba. Ta ce, "To girmamawa ce?" Ya ce ita ce.

Ta goge hannunta, ta zo tebur, ta ɗaga kujerarta ta juya ta wajen taga, ta zauna ta ba shi baya. Ta ce, "Ci, ba na ganinka. Amma ina da kunne, kuma duk abin da na tambaya sai an ba ni amsa."

Ya ci. A gabana ya share kwano, yana amsa mata sunayen shanun ubansa.

Haka suka yi ta yi har bazara. Ba a mai da shi gida ba. Ya dawo ya koyar da Espanyol a lise, wato sakandare, har ya yi ritaya. Yakan ce, "Ni daga ƙeyar wata tsohuwa na koyi harshen nan."

Bai taɓa zuwa gidana hannu sake ba. Ko cuku ɗaya ne sai ya naɗo a aljihu.

Ranar kasuwa da ta wuce na same shi a zaurensa da jikanyarsa Hadiza, wadda ta samu gurbin karatu da koyon aiki a Espanya. Yana yi mata tambayoyi da harshen, tana amsawa, yana gyara mata. Lafiyarsa ƙalau. Da zan tafi ya ce, "Kaɗo, ranar tafiyarta ka zo da wuri mu raka ta tasha. Kai ka riƙe mini sanda, ni in riƙe mata jaka."

Na ce to.

Hadiza, jakar ni zan riƙe.

Allah ya gafarta wa Altine, ya haskaka kabarinsa, ya yalwata masa makwanci, ya ba iyalinsa da ɗalibansa haƙuri. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya tsaya ya yi masa addu'a kafin ya wuce.

Na haɗa da hotuna uku. Na farko, katinsa na ɗalibi. Na biyu, shi da ma'aikatan kamfanin fatu, shi ne na biyu daga hagu, ba na tsakiya ba. Na uku Hadiza ce ta ɗauke mu ranar kasuwar nan. Mai sanda a hannu yana dariya, shi ne.