Jingar Siddo a Bakin Kwara

Siddo mutumin Tanda ne, magini ɗan magini. Ya sauko Gaya da ƙuruciyarsa, zamanin da Faransawa ba su daɗe da kafa bariki ba, don ya ji ana neman masu ginin soro. Hannunsa na da kyau, sai dai yana da saurin cewa to.

Wata shekara kumandan barikin ya so a gina magaza ta ajiye hatsi kusa da mashigin jirage na kogin Kwara, inda ake haye zuwa Dahome. Ya ba wani ɗan kasuwa, Halidu, aikin, shi kuma Halidu ya nemo Siddo suka yi jinga a gaban shaidu. Sharaɗin kumandan guda ne: ginin ya yi damina biyu a tsaye, in ya faɗi kafin nan magini ya tafi kaso, wato kurkuku. Tafinta ya maimaita masa da Zabarmanci ya kuma faɗa da Hausa, Siddo ya ce ya ji ya yarda. Matarsa Kande ta yi ta mita a gida, tana cewa me ya hana shi tambaya ko ruwan sama ake nufi ko har da na kogi. Ya yi dariya, ya ce ruwa ai ruwa ne.

Ya yi ginin da tubali mai kauri, aka sa azarar giginya, aka yi yaɓe har ya yi sheƙi. Damina ta farko ta wuce lafiya. A ta biyu Kwara ta yi cikar da ta haura gaɓa, ta kwanta a gindin magazar har bangon gabas ya jiƙe ya zauna. Rufin ya bi shi.

Gardi biyu, dogaran kumandan, suka zo suka tasa Siddo gaba zuwa bariki. Ranar shari'a Halidu ya ce shi dai abin da aka faɗa a gaban shaidu ya sani. Siddo bai musa ba, don gaskiya ce. Har ya fara tunanin wa zai ciyar da Kande da yara in aka kai shi aikin hanya tare da ƴan kaso.

Sai ga Sumana, tsohon shugaban masunta, wanda ko gaisuwa ba ta cika haɗa shi da Siddo ba. Kande ce ta je ta roƙe shi. Ya tsaya ya shaida wa tafinta cewa tun yana yaro bai ga ruwa ya kai wurin nan ba, kuma shi ma ɗakunansa sun tafi.

"In maginin nan ya yi laifi," in ji shi, "to wanda ya gina mini ma ya yi, kuma ubana ne."

Kumandan ya aika aka duba alamar ruwan a jikin itatuwa. Ya yanke cewa ba kaso, amma a sake ginin a kan tudu: Halidu ya kawo azara, Siddo ya yi aikin ba lada. Hukuncin ya yi nauyi, rani guda ba abin shiga. Masunta suka riƙa kawo masa ƙasa a jirage, matansu na aiko wa Kande da kifi.

Daga nan Siddo bai ƙara karɓar jinga ba sai an zauna an faɗi wa zai ɗauki asarar kogi, wa zai ɗauki ta gara, wa ya zaɓi filin. Wasu suka ce ya cika magana, suka tafi wajen wani. Bai damu ba.

Kowace kaka kuwa yakan ɗauki kayan aikinsa ya je ya yi wa gidan Sumana yaɓe. Bayan tsohon ya rasu ya ci gaba da yi wa ƴaƴansa, har ranar da gwiwoyinsa suka hana shi hawa tsani, ya koma zama a inuwa yana nuna wa masu yi inda bango ya tsage.