Ƙullin Sanusi a firigona

Shekara shida ke nan da rasuwar ƙanena Sanusi. Duk shekara shiru nake yi in yi masa addu'a. Bana kuwa na kasa yin shiru, domin na ga abin da ya sa ni dariya da hawaye a lokaci guda.

Ni karatuna bai yi nisa ba. Ƙanƙara da zoɓo nake sayarwa a unguwar Maourey. Shi ne ya kai jami'a, ya zauna a labo, ɗakin gwaje-gwaje, yana aiki da yis, wannan da ake kumbura burodi da shi. Na taɓa tsokanarsa: "Duk karatun nan a kan kayan fanke zai ƙare?"

Ya yi dariya ya ce, "Yaya, yis ma yana neman aure."

Ya yi mini bayani a hankali. Idan ƙwayar yis tana neman abokin haɗuwa, wani sinadari take fitarwa waje don ta kira shi. A kan sinadarin akwai ɗan guntu mai nuna masa hanyar fita, kamar sunan garin da ake rubutawa a jikin buhu a tasha. Masana suna ɗaukar guntun su liƙa wa abin da suke so, sai yis ya ƙera shi ya zubo shi waje a kwasa. Ya ce da irin dabarar nan ake yin wata allurar masu ciwon sukari. Shi burinsa sinadarin da zai sa kaji su amfana da dusa sosai, kiwo ya yi sauƙi.

Yana da wata al'ada. Duk yis ɗin da ya gyara, yakan shanya kaɗan a ɗan ƙyallen takarda, ya naɗe, ya kawo mini ajiya a firigo, saboda bai yarda da kuran na garin nan ba, wato wutar lantarki. Ni kuwa sana'ata ta sa ba na barin firigona ya huce. Bayan rasuwarsa ban taɓa ƙullin ba. Yara sun san a wannan lungun na firigo ba a sa hannu.

A zafin da ya wuce Ramatu ta zo, ɗalibarsa wadda yanzu take koyarwa. Ta zauna ta ce, "Inna, firigon labo ya lalace lokacin hutu. Na Malam duk sun mutu."

Na ce, "Duk ba duk ba." Na tashi na ɗauko mata.

Ta riƙe ƙullin da hannu biyu. Ta ce kada in sa rai, shekarun sun yi yawa. Na kwana biyu ina ba masu saye zoɓo alhali ƙanƙara suka ce. Sai ga wayarta: "Inna, hau taksi ki zo."

A ɗan faranti ta nuna mini ɗigo-ɗigo farare. Sun farka. Daga baya ta gwada ruwan da suka girma a ciki, ta tarar sinadarin kajin yana fitowa yadda Sanusi ya tsara.

Da yana nan, na san ba zai tsaya murna ba. Zai tambayi ko an raba kashi uku an ajiye a wurare daban-daban, sa'an nan ya tsokane ni a kan kayan fanke. Zai yi mamakin yawan masu kiwon kaji a wajen Tondibia yanzu, da yadda suke kukan tsadar abinci.

Ba zan ce aikin ya kammala ba. Ko kaza guda ba ta ci ba tukuna. Sanusi bai bar gida ba, bai bar ɗa ba. Amma jiya ɗalibai da ba su taɓa ganinsa ba suna ciyar da abin da ya shuka, suna kiransa "na Malam". Allah Ya haskaka kabarinka, ƙanena. Ana ci gaba.