Sa'idu da Rumbun Gwaggo

Bana shekara goma sha shida ke nan da Allah ya karɓi ran ƙanena Sa'idu. Zazzaɓin kwana huɗu ne ya tafi da shi, bai kai talatin ba. Duk sa'ad da na ga samarin Konni sun kafa waya a bakin titi suna ɗaukar kansu, shi nake tunawa, tare da wata kunya da har yau ban gama haɗiyewa ba.

Gidanmu gidan direbobi ne. Mu abin da ba ya da taya ba aiki ba ne. Shi kuwa tun da salula mai kyamara ta shigo gari, a shekarun dubu biyu da 'yan kai, ya sayi wata ta hannu, hankalinsa ya koma can. Hotonta dishi-dishi, ba ta ɗaukar abin da ya wuce minti ɗaya, amma haka zai wuni a Tsarnawa yana ɗaukar masu ɗinke buhun albasa. Daga nan sai siber, ɗakin nan da ake shiga intanet, ya zauna rabin yini yana jiran ɗan guntun bidiyo ya hau. Wa zai kalla? Bai taɓa tambaya ba.

Ni na yi ta kai gwauro da mari har na samo masa babbar mota mai zuwa Kwatano. Ana saura kwana uku ya karɓi makulli, sai ya ji Gwaggonmu da ke wani ƙauye kusa da Alela za ta sa a gina mata rumbun laka, kuma Baba Ɗanjimo ne zai gina, tsohon maginin da ya rage a yankin. Irin ginin nan ba a yi masa gaggawa: a ɗora zagaye ɗaya, a jira ya sha iska, sannan a ɗora na gaba. Makonni yake ci.

"Yaya, in tsohon ga ya tahi, ba mai sake gina irinai," in ji shi. "Mota kau kullum akwai ta."

Na ce masa kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada. Ya yi dariya, ya hau babur zuwa ɗaukar ginin. Aka ba wani motar, ni kuma na sha kunya wurin mai ita.

Wata ɗaya da rabi ya yi a ƙauyen. Babu wuta, sai ranar kasuwa yake kai wayar caji. In ta cika da bidiyo ya taho Konni ya juye, ya koma. Da ya gama ya harhaɗa guntayen, ya same ni a tasha.

"Yaya, ka diba ko so guda."

Na kawar da kai. Sau uku ya roƙe ni a cikin shekarar, sau uku ina cewa ina da abin yi. Ba wani abin yi, girman kai ne kawai. Sauran 'yan gida suka ga fuskata, kowa ya bar zancen.

Sai bayan sadakar arba'in ɗinsa abokinsa mai siber ya zaunar da ni ya buɗe mini bidiyon. Farkon duk hannun Baba Ɗanjimo ne yana murza laka da ciyawa. Can tsakiya sai na ga tsohon a zaune gindin itacen bedi, ƙafa ta kumbura, ba ya iya hawa. Ya dubi kyamara ya ce, "Kai ɗana, aje abin ga. Kallo ba ya gina rumbu. Hau in gwada maka." Hoton ya karkace, an jingine wayar a kan turmi. Daga nan har wuyan rumbun, hannun Sa'idu ne, tsoho yana yi masa faɗa daga ƙasa, shi kuma yana dariya laka har gira. Na yi kuka a gaban yaran mutane, ban damu ba.

Na kan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Wayar da ke aljihun jikata ta fi duk na'urorin siber ɗin nan ƙarfi. Ina jin da ya yi murna, don shi ba mai hassada ba ne. Abin da zai ba shi mamaki shi ne yadda yaro ke goge aikinsa don mutane ba su kalla da yawa ba. Nasa waɗanda suka gani a intanet ba su cika motar haya ba, kuma mutum ɗaya tak ya taɓa roƙo ya kalla. Ban ce duk na yanzu neman suna suke yi ba. Akwai masu irin ciwonsa, ana gane su: su ne ke zama a rana suna jiran abin da ba wanda ya aike su.

Bidiyon kansa ya ɓace, shafin da ya sa shi an rufe, wayar ta mutu. Rumbun ne ke tsaye. Duk shekara bayan girbi nakan je in yi masa yaɓe, Gwaggo tana dariyar hannun direba. Amma ta gabas, kusa da wuya, akwai inda sawun yatsunsa huɗu ya fito sarai a lakar, kuma shekara da shekaru ina kewaye wurin.

Daminar bana ta fara cin gurbin. Gwaggo, wadda yanzu da sanda take tafiya, ta ce, "Ko ka shahe, ko ya hwaɗi da hatsina ciki. Shi don a zuba gero ya gina, ba don a yi kallo ba."

Na daɗe a kan tsani da laka a hannu. Sannan na ɗora yatsuna a kan nasa, na yi masa addu'a, na shafe.