Butar Gwadabe Mai Fito

Duk wanda ya taɓa ƙetare ruwa a Auyo da damina ya san Gwadabe mai fito. Shekara talatin yana tura kwalekwale, goma daga ciki da fuka mai tsanani. A asibitin Haɗejiya an ba shi maganin shaƙa iri biyu: na kullum, safe da yamma, da na lokacin da ƙirji ya toshe. Na biyun yake so. Na kullum kuwa yana ƙarƙashin katifa, don a ganinsa mai lafiya ya sha magani kiran ciwo ne.

Ranar da numfashi ya sarƙe masa a tsakiyar kogi, har fasinjoji suka karɓi gorar tuƙi, ƙanensa Rilwanu ya ce in aka sake, Yaya ya bar ruwa ke nan.

A daren, matar Gwadabe, Talatu, ta ɗaga katifa ta ciro maganin kullum. Da asuba ya ɗauki butar alwala, sai ga maganin ɗaure a jikinta da zare.

"Talatu, wa ya yi wa butata laya?"

"Likita ya ce a kurkure baki bayan an shaƙa, Malam. Na ga hanyarku ɗaya."

Ya yi dariya har da tari, ya shaƙa. Da magariba ma haka. Wanda bai taɓa barin salla ba, ta ina zai tsallake buta?

Damina biyu ke nan Rilwanu bai sake ta da maganar ba. Fukar takan leƙo jefi-jefi, amma har gobe Gwadabe ne zai ƙetarar da kai, ya haɗa maka da labarin da ba ka tambaya ba.